Sojojin Roba da Aka Ƙona a Cibiyar Gindin Tsauni

Mardiyya Ladan,
Unguwar Kurmin Sarki,
Suleja, Jihar Neja.
17 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga:
Mai girma Alhaji Fakhruddeen Maiturare,
Shugaban Kwamitin Amintattu,
Cibiyar Matasa da Sana'o'i ta Gindin Tsauni,
Suleja.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KORAR MALAM KAMALUDDEEN LADAN DAGA ƊAKI NA HUƊU, DA ƘONA MASA AIKIN HANNUNSA, DA ƁATA MASA SUNA, DA KUMA ABIN DA AKA YI DA SAMFURIN DUTSEN ZUMA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinka, tare da fatan kai da iyali da sauran 'yan kwamiti kuna cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi a kan Manajan cibiyarku, Malam Munir.

Ni ce matar Malam Kamaluddeen Ladan, kuma malamar lissafi ce ni a wata makarantar sakandare a nan cikin gari. Na san a ƙa'ida wanda aka yi wa laifi shi ya kamata ya kawo kukansa da hannunsa. Na ajiye masa takarda da biro ba sau ɗaya ba, yana ture su gefe yana cewa a bar wa Allah. Ni ma na bar wa Allah. Sai dai ban ga inda hakan ya hana a sanar da shugabanni abin da ake aikatawa da sunansu ba. Zan kawo al'amarin daga tushe, ina kuma roƙon a yi haƙuri da tsawonsa.

1. Kafin shekarar 2019 maigidana ma'aikaci ne a wani kamfanin masu zanen gine-gine a Abuja. Aikinsa shi ne haɗa ƙaramin samfurin gini da kwali da katako, irin wanda ake ɗorawa a kan teburi mai gini ya ga gidansa tun ba a haƙa tushe ba. Kullum yana cikin ma'aikatan nan da ke cika motocin haya da sassafe su dawo bayan magariba. A daminar wannan shekarar tirela ta danne bayan motar da yake ciki a daidai Gauraka. Allah ya yi da sauran kwana, amma bai sake takawa ba.

Da aka sallamo mu daga asibiti, mutumin da na sani da surutu da barkwanci ya koma ba ya magana sai an tambaye shi. Yakan sa a juya masa keken guragunsa ya fuskanci bango, ya wuni a haka. 'Yan dubiya suka zo suka gaji suka daina. Muka shekara biyu a wannan hali. Na kawo wannan ne ba don a tausaya mana ba, sai don kwamiti ya san daga wane rami aka ciro wannan bawan Allah, ya kuma san inda aka mayar da shi.

2. Wanda Allah ya yi amfani da shi wajen ciro shi maƙwabcinmu ne, Mista Obiora, mai shagon gyaran kwamfuta. Tun yana saurayi ya zo Suleja, a nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'yansa, Hausarsa kuwa ba ka raba ta da ta ɗan gari sai ya yi fushi. Yana da wani ƙaramin inji da ke fitar da siffar abu da roba daga zanen kwamfuta. Wata rana ya shigo da kwalin takalmi cike da ƙananan sojojin roba, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, duk launin toka. Ya ce ya yi ta ƙoƙarin yi musu fenti suna fitowa kamar an tsoma su a miya, ko Oga Kamal zai duba masa inda yake kuskure. Maigidana bai ko waiwayo ba. Obiora ya ajiye kwalin a kan cinyarsa ya fita. Da na dawo daga makaranta washegari na tarar ya juyo da keken da kansa zuwa bakin taga, yana tambayata ina na ajiye tsofaffin burushinsa na aiki.

Domin kada wani ya sake fassara wannan sana'a da abin da ba ita ba, zan bayyana ta a taƙaice. Ana haɗa sojan ne gunduwa-gunduwa da gam, hannu daban, bindiga daban. A goge shi, a shafa masa fentin ƙasa, sannan a bi shi da fentin ruwa da burushin da bakinsa bai fi gashin gira ba, har maɓallin riga da laka a takalmi sai sun fito. Idan runduna ta cika, mutum biyu su zauna a teburin da aka yi wa tuddai da bishiyoyi da gadoji na kwali da soso. Kowa ya jera tasa. Da tef ɗin tela ake auna nisan da soja zai iya matsawa, a jefa ƙwayar ludo a ga ko harbinsa ya samu ko ya kuskure. Wanda ya fi dabara ya ci, a yi dariya, a kwashe. Rundunonin ba na wata ƙasa ba ne, ba na wata ƙabila ko addini ba ne. Ɗaya shuɗiya ce, ɗaya ruwan ƙasa, sunayensu ke nan.

3. A watan Maris na 2022 wannan kwamiti mai daraja, ta hannun Manajan da ya gabata, ya ba maigidana da Obiora Ɗaki na Huɗu su riƙa haɗuwa duk Asabar, ya kuma yarda su riƙa ajiye kayansu a kabad ɗin da ke ciki. An zaɓi wannan ɗaki ne saboda shi kaɗai ne ba shi da matakala a duk cibiyar. Suka fara su biyu, suka zama goma sha wani abu: ɗalibai, da wani mai walda, da wata ma'aikaciyar jinya mai suna Bukola wadda ta fi su duka iya wasan. Musulmi da Kirista suke. Idan an kira azahar a dakata, masu salla su je su dawo.

A wannan ɗakin ne kuma maigidana ya fara ɗaukar bidiyo da waya. Duk sabon soja ko tankar yaƙi da ta shigo hannunsa, zai ɗora ta ƙarƙashin fitila ya yi bayaninta da Hausa: ko robar ta fito sumul, ko bindigar tana saurin karyewa, ko fenti yana kama ta. Ba ya yi wa kowa kara. Shi kansa Obiora ya sha jin an ce a bainar jama'a dawakin da injinsa ya fitar sun fi kama da jakuna, ya yi kwana biyu yana cika yana batsewa, ya koma ya gyara injin. Mutane suka riƙa turo tambayoyi daga Kano da Jos har da Maraɗi. Mutumin da ba ya amsa gaisuwa ya koma sai na ƙwace wayar kafin ya ci abinci.

4. Babban aikinsa shi ne samfurin Dutsen Zuma. Da murfin tsohon kabad ɗin kayanmu ya yi masa gindi. Jikin dutsen kuwa da farin soson nan na cikin kwalin firji ya sassaƙa shi, ya lulluɓe da garin katako da gam. Sau da dama Obiora yana ɗaukarsa a mota su je gefen titi a Zuma su tsaya, shi yana kallon dutsen, masu sayar da masara suna kallonsa. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne wannan alamar fuska da ke jikin dutsen, wadda kana ganinta daga nesa, ka matso ta ɓace. Ya ce idan ya zana ta ya yi ƙarya, domin a dutsen gaskiya ba wanda ya zana ta, zubar ruwan sama ce da inuwa. Sai ya riƙa bi da busasshen burushi, toka a kan baƙi, baƙi a kan toka, ya goge ya sake, har ta fito yadda sai ka ja da baya zuwa bakin ƙofa kake ganinta. Ya fi shekara a kan wannan aiki. Ranar da ya gama ya sa aka kira ni daga gida in zo in tsaya a bakin ƙofar Ɗaki na Huɗu.

5. Ranar Asabar 13 ga Satumba, 2025, ana cikin wasa tsakanin maigidana da Bukola, sabon Manaja Malam Munir ya shigo da masu gadi biyu, ba sallama. Kafin ranar bai taɓa leƙa ɗakin ba, bai taɓa aiko da gargaɗi ba, da baki ko a rubuce. Ya ɗauki soja ɗaya da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera, ya ɗaga shi sama. Ya ce labari ya iso masa cewa ana caca a ɗakin, ga ƙwayoyin ludo shaida. Ya ce waɗannan gumaka ne, tsafi ake yi da su. Ya nuna dutsen da sojojin da aka jera a gindinsa, ya ce wannan kuwa taswirar kai hari ce, su gode wa Allah da bai kira jami'an tsaro ba. Ya kira maigidana da sunan lalurarsa, ya kira Obiora da sunan ƙabilarsa, ya haɗa su cikin jimla ɗaya da ba zan ɓata takardar da za ta shiga hannunka da ita ba. Duk wannan da ƙarfi ya faɗe shi, ƙofa a buɗe, 'yan ajin ɗinki da na gyaran waya sun cika baranda.

Obiora ya nemi a zauna a yi bayani, aka ce ya rufe baki. Bukola ta ce a ba su rabin awa su kwashe kayansu, aka ce kayan sun zama shaida. Sannan Manaja ya umarci masu gadi su fitar da maigidana, in ba zai tafi ba su ɗauke shi da kekensa. Haka kuwa aka yi. Ɗaya ya kama gaba, ɗaya ya kama baya, suka ɗaga shi sama kamar buhun masara. Waɗanda ke wurin sun shaida mini bai yi gardama ba, bai zagi kowa ba. Magana ɗaya ya yi lokacin da ake wucewa da shi ta ƙofa:

"Don Allah ku bar ni in rufe fentin, zai bushe."

Aka ajiye shi a tsakiyar fili cikin rana, aka sa wa ɗakin sabon kwaɗo.

6. Ranar Litinin 15 ga Satumba aka ƙona kayan a bayan ɗakin, kusa da juji. Mai sharar cibiyar, Baba Asibi, ita aka sa ta kwaso su a kwando ta zuba musu kalanzir. Ta ba ni izinin ambaton sunanta, ta ce tsufanta ya wuce na tsoron faɗar abin da ta gani. Ta ce Manaja yana tsaye daga nesa ya toshe hanci da hankici har wutar ta mutu. Rundunoni biyu cif, da tankoki, da gadoji, da burusai, da fitilar ɗaukar bidiyo, da aikin sauran 'yan ƙungiyar da ba su ji ba ba su gani ba. Bayan ya tafi ta tona tokar da tsinke, ta ƙullo mini 'yan kaɗan a bakin zane, sun narke sun manne da juna. Suna nan a gwangwanin madara idan kwamiti yana son gani. Ta kuma ce ba ta ga dutsen a cikin abin da aka ƙona ba. A lokacin mun ɗauka an riga an farfasa shi ne an zubar.

7. Game da zarge-zargen nan uku, ina roƙon a ba ni dama in ce wani abu. Idan ƙwayar ludo ce shaidar caca, to ɗakin wasanni na cibiyarku, inda ake buga ludo da dara kullum da yamma, ya riga namu zama gidan caca. Ba a taɓa ajiye ko sisi a kan wannan teburi ba, mutum goma sha wani abu a shirye suke su rantse. Idan samfurin Dutsen Zuma taswirar hari ce, to duk mai takardar naira ɗari a aljihu yana yawo da irinta. Batun siffofi kuwa, ni ba malamar addini ba ce, ban zo yin fatawa ba. Abin da na sani shi ne maigidana da kansa ya damu da wannan tambaya tun farko, ya gayyaci limamin unguwarmu ya zo ya duba, suka yi doguwar magana, ya bi shawarar da aka ba shi. Da Manaja yana da shakka ta gaskiya, da sai ya tambaya, ko ya kawo maganar gabanku. Mai shakkar addini yana iya cewa ku kwashe ku kai gida. Kalmar tsafi kuwa ba shakka ba ce, tuhuma ce, kuma ya san nauyinta a gari irin namu.

Ina kuma sanar da kwamiti, ba tare da na ƙara komai nawa ba, cewa tun makon da ya biyo baya Ɗaki na Huɗu cike yake da kujerun roba da rumfunan haya na biki, ɗauke da sunan wani kamfanin da kowa a unguwa ya san na surukin Manaja ne. Ɗakin da ba shi da matakala yana da sauƙin lodi.

8. Maganar da aka faɗa a baranda ba ta tsaya a baranda ba. Kafin Juma'a ta zagayo ta shiga kasuwa, ta shiga gidajen suna, ta dawo mana da ƙari: wai an kama gurgu da 'yan tsana masu sunayen mutane, wai da allurai a jikinsu. Maƙwabtan da suka saba biyo masa su tura kekensa zuwa masallaci sai kowa ya sami uzuri. Matan da ke turo mini 'ya'yansu darasin yamma suka janye su ɗaya bayan ɗaya, kowace da dalilinta mai kyau. A ɗakin malamai ina shiga hira take mutuwa.

Na Obiora ya fi namu muni. Mai gidan da yake haya ya ba shi wa'adin tashi a ƙarshen shekara, ya ce ba ya son abin da zai jawo a ƙona masa gida. Mutumin da bai yi mana komai ba sai alheri yanzu yana yawon neman ɗaki a Madalla, yana tunanin yadda zai cire 'ya'yansa daga makaranta a tsakiyar zango. Maigidana ya ɗora wa kansa laifin wannan, har ya kasa haɗa ido da shi. Obiora yakan zo bayan la'asar ya zauna a barandarmu, ya gaishe ni, ya tambayi jikin Oga Kamal, ya jira. Ba a ce ya shigo ba. Ya sha ruwa ya tafi, jibi ya dawo.

9. Ban tsallake Manaja na zo wurinka ba sai da na bi hanyar da ta kamata. Na je ofishinsa ranar 22 ga Satumba, aka ce yana taro. Na koma, aka ce ya tafi Gawu Babangida ta'aziyya, alhali ga motarsa a ƙarƙashin bishiya. Ranar da na dace da shi a bakin ƙofa, bai bari na gama gabatar da kaina ba ya ce maganar ta wuce, in gode da ya rufa mana asiri, in kuma ina da hankali in ja kunnen mijina. Na ce na gode. Har yau ina jin ɗacin wannan godiya a bakina.

10. Ranka ya daɗe, na iso inda ya fi yi mini wuyar rubutawa, domin ya shafe ka, kuma na yi imani ba da saninka ba ne.

Ranar Asabar 25 ga Oktoba cibiyarku ta yi bikin cika shekara da baje kolin ayyukan ɗalibai. Da yammacin ranar wata abokiyar aikina ta turo hotunan bikin a zauren malamai na waya. A cikinsu akwai wanda kake tsaye da manyan baƙi, ka dafa wani samfurin Dutsen Zuma da hannun dama, kana murmushi. A gabansa an kafa kwali mai rubutu: aikin ɗaliban cibiya, ƙarƙashin jagorancin Manaja Malam Munir. An ce a jawabinka ka yaba ƙwarai, ka ce da irin wannan basira ake gina ƙasa. Gaskiya ka faɗa. Mai basirar dai yana gida a lokacin, kusan mako shida bai leƙa ƙofar gida ba.

Ranar Litinin na je da kaina na sami samfurin a zauren shiga, inda yake har yanzu. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashinsa, ga gurbin hinjin murfin kabad ɗina nan guda biyu. Idan wannan bai isa ba, bidiyon yadda aka gina shi tun yana farin soso yana nan a shafin maigidana, kowa yana iya kallo. Abin da ya kasance taswirar hari da kayan tsafi a Satumba, shi ne ya zama abin alfaharin cibiya a Oktoba.

Da a nan aka tsaya da da sauƙi. Wani ya ga launin dutsen bai yi masa haske ba, sai aka shafe shi da fentin mai, irin na ƙofar shago, ruwan ƙasa mai ƙyalli. Bishiyoyin da ke gindinsa aka tsoma su a kore shar. Da aka ga fuskar ta ɓace a ƙarƙashin fentin, sai aka ɗauko baƙi aka zana idanu biyu da hanci da baki, manya-manya, yadda ko daga bakin titi za a gane. Wanda ya ƙona sojoji saboda siffa ce da su, a ƙarƙashin jagorancinsa aka yi wa dutse fuska.

Na so in ɓoye wa maigidana hoton, amma wani daga cikin masu kallon bidiyonsa ya riga ya tura masa yana taya shi murna. Ya buɗe hoton da yatsu biyu ya ƙara masa girma, ya bi shi daga sama har ƙasa, kamar yadda yake yi wa sojan da zai yi wa bayani. Na zaci zai yi fushi, na ma so ya yi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sun yi masa ido." Ya kife wayar a kan gado. Tun daga ranar ya koma sa a juya masa keken ya fuskanci bango.

Saboda abubuwan da na zayyana, ina roƙon wannan kwamiti mai adalci, cikin ladabi, da ya yi waɗannan:

Na farko, a dawo wa Malam Kamaluddeen Ladan da samfurinsa, a cire wannan kwali mai ɗauke da sunan da ba nasa ba, a kuma gyara bayanin a duk inda cibiya ta wallafa hoton. A kawo shi yadda yake. Kada wani ya yi ƙoƙarin wanke fentin da fetur don a rufe kunya, soso ne a ciki, narkewa zai yi.

Na biyu, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci a wurina: a wanke sunansa da na Mista Obiora a inda aka ɓata su. A baranda aka faɗa, gaban ɗalibai, da ƙarfi. To a baranda nake roƙon a janye, gaban ɗaliban, da irin wannan ƙarfin. A kuma rubuta wa limamin unguwarmu da mai gidan hayar Obiora da sunan kwamiti, tun wa'adin bai cika ba. Ba na neman a ba mu haƙuri a cikin ofis ƙofa a rufe.

Na uku, a binciki yadda ɗakin da kwamiti ya ware wa matasa ya koma sito, a mayar wa ƙungiyar da shi. Ko maigidana bai sake komawa ba, akwai sauran mutane da aka kora ba laifin tsaye ba na zaune.

Na huɗu, kada Baba Asibi ta rasa aikinta saboda wannan takarda. Umarni aka ba ta ta bi, gaskiya aka tambaye ta ta faɗa.

Ban nemi diyya ba, ba kuma zan nema ba. Roba da fenti ana sayensu, abin da aka ƙona ba a kasuwa muka samo shi ba. Hukuncin da ya dace da Manaja kuwa na bar wa kwamiti da tsoron Allahnsa. Idan za a kira mu zama a shirye nake, da shaidu. Sai dai ina tunatarwa cewa ɗakin taronku yana hawa na sama, kuma ba zan yarda a sake ɗaukar maigidana a hannu a cikin wannan cibiya ba.

A ƙarshe, ranka ya daɗe, ina roƙon a gaggauta, ga dalilina. Jiya da safe ina ba shi shayi na tambaye shi, kamar ba da wata manufa ba, ko fentin mai yana fita daga jikin abin da aka shafa wa. Na tattara kofuna zan fita. Sai na ji ya ce, fuskarsa na bango, ya danganta da ko shafa ɗaya suka yi ko biyu, kuma kullum fentin ƙara kamawa yake yi. Ban san ko nufinsa yana son gwadawa ba. Na dai san wancan karon shekara biyu na yi ina jiran magana irin wannan, kuma ba ni da ƙarfin sake jiran wasu biyun.

Ina fatan wannan kuka zai sami kunnen da ya dace. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da girma, ya ba kwamiti ikon yin adalci ko da a kan na gida ne.

Wassalam. Ni ce mai biyayya ga shugabancinku,

Mardiyya Ladan
(a madadin maigidanta, Malam Kamaluddeen Ladan)